Zaitun da Ƙasa a Rayuwar Falasɗinawa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, labaran Falasɗinu sukan cika da hotunan manoma a ƙarƙashin bishiyoyin zaitun, wasu suna tsinka, wasu suna tsaye gaban sojoji, wasu kuma suna duban kututturen da aka bar musu. Masu bin waɗannan labarai sukan maimaita tambayoyi kusan iri ɗaya, kuma su ne aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa waɗanda ke bukatar dogon bayani.

Me ya sa kullum ake haɗa Falasɗinawa da bishiyar zaitun?

Dalili na farko shi ne yanayin ƙasar. Daga Jalil a arewa, a bi ta Jenin da Nablus da Ramallah da Ƙudus har zuwa Baitalami da Halil, yawancin ƙasar tuddai ne masu duwatsu, ruwan sama kuma a lokacin sanyi kawai yake sauka, rani ya zo ya wuce babu ɗigo. Zaitun na cikin 'yan itatuwan da ke jure wannan hali ba tare da ban ruwa ba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kusan rabin ƙasar da Falasɗinawa ke nomawa zaitun ne a kanta, bishiyoyi kimanin miliyan 10, kuma iyalai tsakanin 80,000 da 100,000 ne ke samun wani ɓangare na abin masarufinsu daga gare shi. Da safe burodi ake tsomawa a man sannan a dangwali garin za'atar, wani haɗin ganye mai ƙamshi, 'ya'yan a jiƙa su a ruwan gishiri su kai shekara, man da bai kai na ci ba a yi sabulu da shi, rassan da aka sassabe kuma a hura wuta. Garwar man da aka ajiye a ɗaki ita ce ake sayarwa idan kuɗin makaranta ko na asibiti ko na aure ya taso.

Dalili na biyu na tarihi ne. Kafin 1948 lemun Yafa ne ya fi suna a kasuwannin duniya, amma da garuruwan bakin teku suka fita daga hannun Falasɗinawa, abin da ya rage musu shi ne tuddai, itacen tuddai kuwa zaitun ne. Lokacin da Yasir Arafat ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 13 ga Nuwamban 1974, ya ce ya zo da reshen zaitun da kuma bindigar mai neman 'yanci, ya roƙi kada a bari reshen ya faɗi daga hannunsa.

Wane matsayi zaitun yake da shi a addini?

Allah Ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratut Tin, a aya ta 35 ta Suratun Nur kuma an kira shi bishiya mai albarka. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ke umartar a ci man zaitun kuma a shafa shi domin daga bishiya mai albarka yake. Kiristocin Falasɗinu ma suna girmama shi: lambun Jatsaimani da ke gindin Dutsen Zaitun a Ƙudus yana cikin wuraren ziyararsu, kuma sassaƙa itacen zaitun tsohuwar sana'a ce a Baitalami da Bait Jala da Bait Sahur. Attaura ita ma ta hana sare itace mai 'ya'ya ko da ana yi wa gari ƙawanya, kamar yadda Halifa Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya cewa kada su sare bishiya mai 'ya'ya. Saboda haka wanda ya ɗauki zarto ya shiga gonar zaitun ta wani ba shi da madogara a ko ɗaya daga cikin addinan nan uku.

Yaya lokacin tsinkar zaitun yake a ƙauyukansu?

Ana farawa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma tsofaffi sun fi son a jira ruwan farko ya wanke ƙurar rani daga jikin 'ya'yan. Tun da asuba iyali ke fita da tsani da buhuna da tamfol. A shimfiɗa tamfol a kewaye gindin bishiya, samari su hau sama, wasu su tsaya a ƙasa suna tsefe rassa da hannu ko da ƙaramin manjagara na roba, 'ya'yan suna zubowa, tsofaffin mata kuma suna zaune suna tsince ganye da tsakuwa. Da hantsi a haɗa duwatsu uku a ɗora butar shayi a kan busassun rassa. Ma'aikacin da ke birni yakan ɗauki hutu ya dawo, ɗalibi ya zo a ƙarshen mako, kuma gidan da ba shi da hannuwa sai maƙwabta su taru su taya shi, al'adar da suke kira auna, wadda Bahaushe zai gane nan take domin gayya ce.

Da yamma a ɗauki buhunan zuwa injin matsa, domin idan 'ya'yan suka daɗe a buhu man yakan yi tsami. A can magidanta ke kwana a layi, kowa idonsa a kan bututun da nasa man zai fito, kore shar, mai kauri, mai ɗan yaji a maƙogwaro. A zuba shi a garwa mai cin kusan lita 16, mai injin ya karɓi ladansa da kuɗi ko da wani kaso na man, busasshen abin da ya rage bayan matsa kuma, wanda suke kira jift, a kai gida don hura wuta lokacin sanyi. Da sabon man ake yin musakhan, wato burodin tanderu da aka jiƙa da mai aka lulluɓe da albasa da kaza. Zaitun ba ya yin yabanya iri ɗaya kowace shekara: shekara guda ya cika, mai bi mata ya huta, don haka wanda aka hana shi girbin shekarar cika ya yi asarar abin da zai riƙe shi shekara biyu.

Da gaske ne akwai bishiyoyi masu shekaru dubbai?

Akwai tsofaffi ƙwarai, sai dai auna shekarun zaitun na da wuya saboda cikin kututturensa yakan ruɓe ya zama kogo yayin da gefensa ke ci gaba da tohowa. Wadda ta fi shahara ita ce bishiyar Badawi a ƙauyen Walaja kusa da Baitalami, wadda ake danganta wa shekara 4,000 zuwa 5,000. Binciken masanan Italiya da aka bayyana a 2012 ya nuna cewa uku daga cikin bishiyoyin lambun Jatsaimani sun kai kimanin shekara 900. Manoma suna kiran manyan tsofaffin bishiyoyi Rumi, wato na zamanin Rumawa, kuma a ƙauyuka da dama bishiya tana ɗauke da sunan kakan da ya dasa ta ko matar da aka ba ita a sadaki ko a gado.

Me ya faru da gonakin waɗanda aka kora a 1948?

A yaƙin 1948, wanda Falasɗinawa ke kira Nakba, mutane kimanin 750,000 ne aka kora ko suka gudu daga gidajensu, ƙauyuka sama da 400 kuma suka zama kufai. Yawancinsu manoma ne, kuma sun fita da zaton kwanaki kaɗan za su yi. Ƙuduri mai lamba 194 na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, na ranar 11 ga Disamban 1948, ya ce a bar masu son komawa su zauna lafiya da maƙwabtansu su koma, a biya diyya ga waɗanda ba su zaɓi komawa ba. Isra'ila ba ta bar su sun koma ba, a 1950 kuma ta kafa dokar dukiyar waɗanda ba sa nan, wadda ta miƙa gidajensu da gonakinsu ga wani jami'in gwamnati, daga nan suka wuce hannun hukuma da Asusun Ƙasa na Yahudawa.

An rushe yawancin ƙauyukan, an dasa dazuzzuka a kan wasu. Haka aka sake yi bayan yaƙin 1967 ga ƙauyukan Imwas da Yalu da Bait Nuba, inda daga baya aka kafa wurin shaƙatawa mai suna Canada Park. Jikokin mutanen irin waɗannan ƙauyuka, idan suka sami hanyar kai ziyara, da abu biyu suke gane inda gidajensu suke: shuka mai ƙaya da suke kira sabar, wadda a da ake shinge da ita, da kuma tsofaffin zaitun da ɓaure da suka ƙi mutuwa a tsakiyar dajin.

Falasɗinawan da suka rage a cikin Isra'ila fa, sun tsira da gonakinsu?

Da yawa ba su tsira da su ba. Dokar da aka ambata a sama ta hau har kan wanda ya bar ƙauyensu ya koma ƙauyen da ke kusa, ya zama ɗan ƙasa a takarda amma dukiyarsa ta wanda ba ya nan ce. Mutanen Iƙrit, ƙauyen Kiristoci a arewacin Jalil, an ce su fita na mako biyu a Nuwamban 1948. Kotun Ƙolin Isra'ila ta yanke a 1951 cewa suna da damar komawa, amma a jajibirin Kirsimetin shekarar sojoji suka rushe ƙauyen, sai coci da maƙabarta suka rage, kuma har yau zuriyarsu a can suke kai gawarwakinsu. Ranar 30 ga Maris 1976 aka yi yajin aiki da zanga-zanga a Sakhnin da Arraba da Dair Hanna saboda shirin ƙwace dunam kimanin 20,000 a Jalil, jami'an tsaro suka kashe mutum 6. Dunam ɗaya murabba'in mita 1,000 ne. Wannan rana ce ake tunawa duk shekara da sunan Ranar Ƙasa.

Ta yaya rashin zuwa gona yake sa mutum ya rasa ta a Gaɓar Yamma ta Kogin Jordan?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suka rataya a kanta. Dokar ƙasa ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta 1858 ta ce yawancin gonaki asalinsu na sarki ne, manomi yana da haƙƙin riƙewa da gadarwa muddin yana nomawa. Wanda ya noma fili shekara goma ba tare da jayayya ba ya sami haƙƙi a kansa, wanda kuma ya bar shi saura shekara uku a jere hukuma na iya karɓewa. Turawan Birtaniya sun fara rajistar filaye, Jordan ta ci gaba, amma a 1968 sojojin Isra'ila, waɗanda suka mamaye yankin a yaƙin 1967, suka dakatar da aikin lokacin da kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na Gaɓar Yamma aka yi wa rajista. Sauran manoman suna riƙe da rasit na haraji da tsofaffin takardun Turkawa da shaidar maƙwabta.

A 1979 Kotun Ƙolin Isra'ila, a shari'ar matsugunin Yahudawa na Elon Moreh, ta hana ƙwace filin da ke da mai shi don gina matsuguni da sunan bukatar soja idan bukatar ba ta tabbata ba. Daga nan gwamnati ta koma ga tsohuwar dokar Turkawa: a duba hotunan da aka ɗauka daga sama, filin da ba a yi wa rajista ba kuma ba a ga alamar noma a kansa ba a ayyana shi filin gwamnati. Ƙungiyar B'Tselem ta Isra'ila ta lissafa dunam sama da 900,000 da aka ayyana ta wannan hanya tsakanin 1979 da 1992, ƙungiyar Peace Now kuma ta bayyana a 2018 cewa abin da aka ba Falasɗinawa daga filayen gwamnati da aka raba bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A nan ne matsayin zaitun yake fitowa fili. Alkama ana girbe ta fili ya koma fayau, zaitun kuwa yana tsaye rani da damina yana shaida cewa wurin yana da mai shi. Shi ya sa manomi ke dasa shi a kan iyakar gonarsa ko da ba zai ci riba ba, shi ya sa kuma ake tumɓuke shi. Manomin da aka tare masa hanya, ko aka tsorata shi har ya daina zuwa, gonarsa za ta cika da ƙaya, bayan 'yan shekaru hoton sama ya nuna ta saura. A ganina wannan ita ce korar da ta fi yawa a Gaɓar Yamma a yau, wadda ba a ganin ayarin mutane da ƙunshi a ka, domin mutum yana kwana a gidansa amma gonarsa ta riga ta tafi.

Mene ne tasirin katangar da Isra'ila ta gina?

An fara ginin a 2002, tsawon da aka tsara ya haura kilomita 700, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na hanyarta a cikin Gaɓar Yamma take, ba a kan iyakar 1949 da ta raba ta da Isra'ila ba. A yankunan Ƙalƙiliya da Tulkarm da Salfit ta raba ƙauyuka irin su Jayyus da gonakinsu. Manomin da gonarsa ta faɗa bayan katanga sai ya nemi takardar izini, ya kawo shaidar mallaka, kuma an sha hana 'ya'ya da jikoki saboda ba sunansu ke kan takardar ba, tsoho ya sami izini amma babu mai ɗaukar masa buhu. Yawancin ƙofofin gona lokacin girbi kawai ake buɗe su, na 'yan mintoci da safe da yamma: a taru gaban ƙofar ƙarfe da jakuna da tarakta kafin gari ya waye, soja ya duba takarda ɗaya bayan ɗaya, wanda ya makara da yamma ya kwana a can.

Zaitun yana bukatar huɗa da sassabe da taki a sauran watanni. Ofishin ayyukan jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa amfanin bishiyoyin da ke bayan katanga ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 idan aka kwatanta da na ɓangaren da ake iya zuwa kullum. Wasu ƙauyuka sun yi nasara: mutanen Budrus, maza da mata, sun tsaya gaban katafila a 2003 da 2004 har aka karkatar da hanyar, na Bil'in kuma sun yi zanga-zanga kowace Juma'a daga 2005, kotu ta ba da umarnin sauya hanya a 2007, aka aiwatar a 2011, suka dawo da wani ɓangare na ƙasarsu.

Su wa ke sare bishiyoyin, kuma nawa aka sare?

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne bishiyoyi kimanin 800,000 daga 1967 zuwa farkon shekarun 2010. Wasu katafilolin soja ne suka tumɓuke su don hanya ko katanga ko matsuguni, kamar kusan 3,000 da aka tumɓuke a ƙauyen Mughayyir kusa da Ramallah a Agustan 2025. Wasu kuma 'yan kama-wuri-zauna, wato Isra'ilawan da ke zaune a matsugunai, su ne ke sarewa ko ƙonawa ko su riga mai gona tsinkewa, musamman a ƙauyukan kudancin Nablus irin su Burin da Madama da Urif. Hoton da aka ɗauka a 2005 a ƙauyen Salim, na wata dattijuwa rungume da bishiyarta da aka sassare, motar soja na bayanta, ya zagaya duniya.

Abin ya kan kai ga rai. Ziyad Abu Ain, minista a Hukumar Falasɗinawa, ya rasu ranar 10 ga Disamban 2014 bayan arangama da sojoji a Turmus Ayya, inda aka je dashen zaitun. A Oktoban 2023 wani ɗan kama-wuri-zauna ya harbe manomi yana tsinka a Sawiya, a Oktoban 2024 kuma aka harbe wata mata mai shekara 59 a gonar danginta a Faƙƙu'a kusa da Jenin. A girbin 2023 dunam sama da 96,000 ne ba a iya tsinkewa ba. Ƙungiyar Yesh Din ta Isra'ila ta bi diddigin ƙararrakin da aka kai wa 'yan sanda tun 2005, ta tarar kusan kashi 94 cikin 100 an rufe su ba a gurfanar da kowa ba. Adalci ne a faɗi cewa masu tattara waɗannan alƙaluma da yawansu Yahudawa ne, kuma akwai ƙungiyar malaman Yahudu masu kare haƙƙin ɗan Adam da ke raka manoma gona kowace kaka, wasunsu har duka sun sha saboda haka.

Me Isra'ila ke cewa, me kuma dokokin duniya suka ce?

Isra'ila tana cewa katangar ta rage hare-haren ƙunar baƙin wake na lokacin intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa na biyu, bishiyoyin gefen hanya kuma maharan kan fake a cikinsu, ƙasar kuma a wurinta wadda ake jayayya a kanta ce. Kotun Ƙolinta ta yanke a 2006 cewa wajibi ne sojoji su kare manoma su kuma ba su damar isa gonakinsu, amma a aikace hakan ya zama 'yan kwanaki da soja ke ware wa manomi a shekara.

Yarjejeniyar Geneva ta Huɗu ta 1949 ta hana mai mamaya lalata dukiya sai da larurar yaƙi ta dole, ta kuma hana shi kai mutanensa su zauna a ƙasar da ya mamaye. Kotun Duniya ta ce a ranar 9 ga Yulin 2004 gina katangar a cikin ƙasar da aka mamaye ya saɓa doka, har ta ambaci mayar da gonaki da lambunan zaitun ga masu su. Kwamitin Sulhu ya ce matsugunan ba su da halasci a ƙuduri mai lamba 2334 na Disamban 2016, a ranar 19 ga Yulin 2024 kuma Kotun Duniya ta ce zaman mamayar kansa haramtacce ne. Duk da haka 'yan kama-wuri-zauna sun haura 700,000 idan aka haɗa da Gabashin Ƙudus.

Yaya lamarin yake a Zirin Gaza?

Gaza ƙaramin fili ne, murabba'in kilomita 365, kuma akasarin mazaunansa zuriyar waɗanda aka kora a 1948 ne. Yaƙin da ya fara a Oktoban 2023 ya raba kusan mutum miliyan 1.9 da gidajensu, wasu sau da dama. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a Mayun 2025 cewa sama da kashi 80 cikin 100 na gonakin Gaza sun lalace, abin da ake iya nomawa kuma bai kai kashi 5 ba. An rushe injinan matsa da rijiyoyi, kuma da iskar gas ta yanke, iyalai sun sare bishiyoyinsu da hannunsu don su dafa abinci.

Me ya haɗa wanda aka haifa a sansanin gudun hijira da gonar da bai taɓa gani ba?

Hukumar UNRWA, mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da mutum kimanin miliyan 5.9 a rajistarta, da sansanoni 58 a Jordan da Lebanon da Siriya da Gaɓar Yamma da Gaza. A sansanin Baƙa'a ko Ainul Hilwa ko Balata, idan aka tambayi yaro daga ina yake, sunan ƙauyen kakansa zai faɗa, kuma unguwannin sansanoni da yawa da sunayen ƙauyukan ake kiransu domin mutanen gari ɗaya wuri ɗaya suka kafa tantunansu. Iyalai suna ajiye da makullin gida da takardar fili a cikin akwati. An rubuta littattafai da dama na tarihin ƙauyuka, masu ɗauke da taswirar da tsofaffi suka zana da ka, da sunan kowace rijiya da kowane fegi da gidan da ya mallake shi.

Akwai kuma abin da ake ɗanɗanawa. Bayan kowane girbi garwunan mai sukan tsallaka gadar Kogin Jordan zuwa Amman da ƙasashen Tekun Fasha a matsayin tsaraba, kuma wanda ke da ɗan'uwa a ƙauye ya san daga wace gona man da ke ɗakinsa ya fito. Gudun hijirar ma bai ƙare ba: a farkon 2025 mutum kimanin 40,000 aka fitar daga sansanonin Jenin da Tulkarm da Nur Shams.

Me ya hana su sayar da filin ko su karɓi diyya su huta?

Sayar da fili ga Isra'ilawa babban laifi ne a dokar Hukumar Falasɗinawa, abin kunya ne kuma da ke bin zuriya. Manoma da yawa sun ƙi karɓar diyyar filin da aka ƙwace domin sa hannu a takardar karɓa tamkar amincewa ne. Bayan haka, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi dokar shekara uku, fegin da ya fita ba ya tsayawa shi kaɗai: hanya da shinge da masu gadi sukan biyo baya, gonar maƙwabci ta zama wadda ba a iya zuwa. Suna da wata magana da kowane yaro ya sani, cewa na baya sun dasa muka ci, mu ma muna dasawa domin na gaba su ci, kuma mai irin wannan tunani yana ganin gonar amana ce a hannunsa.

Ban da mamaya, akwai wasu matsalolin da ke damun masu zaitun?

Akwai. Gado yana ta daddatsa gonaki har wani ya tashi da bishiya goma, mata kuma, waɗanda su ne ƙashin bayan girbi, sau da yawa ana matsa musu su bar wa 'yan'uwansu maza rabon da Shari'a ta ba su, wannan kuwa zalunci ne na cikin gida da bai kamata a ɓoye shi a bayan na waje ba. Ga ƙudan zaitun da ke huda 'ya'yan, ga ƙarancin ruwan sama da zafin da ke zubar da fure, ga tsadar leburori. Shekaru da dama samari sun fi son aikin gini a Isra'ila saboda ya fi kawo kuɗi, sai da aka soke izinin ma'aikata sama da 100,000 bayan Oktoban 2023 da yawa suka koma gona. Sabulun Nablus, wanda a da masana'antu kusan 30 ke yi, yanzu kaɗan suka rage, ko da yake UNESCO ta sa sana'ar a jerin al'adun duniya a 2024, kamar yadda ta sa gonakin tudu na Battir a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Man zaitun da muke saya a kasuwanninmu daga Falasɗinu yake zuwa?

Da wuya. Sifen ce kan gaba a duniya, tana samar da sama da tan miliyan 1 a shekara mai kyau, sai Italiya da Girka da Turkiyya da Tunisiya. Abin da Falasɗinu ke samarwa a matsakaiciyar shekara bai wuce kimanin tan 20,000 ba, kuma mafi yawansa a gida ake cinye shi. Rubutun Larabci ko hoton Masallacin Ƙudus a jikin kwalba ba shaida ba ne, sai a duba inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi. Wanda ake fitarwa Turai da Amurka yakan bi ta kamfanoni irin su Canaan da ke kusa da Jenin da Zaytoun na Birtaniya, waɗanda aka kafa a 2004 kuma suke saye daga ƙungiyoyin manoma.

Dasa sababbin bishiyoyi yana mayar da abin da aka rasa?

Yana mayar da wani abu, kuma ana yin sa sosai. Wata ƙungiyar kare muhalli ta Larabawa da ke Jordan tana gudanar da shirin dasa bishiya miliyan tun farkon shekarun 2000, ƙungiyoyin YMCA na Gabashin Ƙudus da YWCA na Falasɗinu ma suna raba dashe tun 2002, kuma a watannin sanyi ake dasawa domin ruwan sama ya kama saiwar. Amfaninsa na farko na shari'a ne, domin fili mai dashe ba saura ba ne, kamar yadda aka yi bayani a sama.

Amma dashe yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara 'ya'ya, fiye da shekara 10 kafin ya ba da amfanin kirki, kuma tumɓuke shi da hannu ɗaya ake yi cikin dare. Tsohuwar bishiyar da aka sare daga gindi takan toho idan saiwar na nan, manomi ya zaɓi reshe mai ƙarfi ya yi masa aure, ya jira shekaru. Wadda katafila ta tumɓuke ko aka zuba wa guba kuwa ta tafi. Saboda haka ƙungiyoyin manoma suka fi nanata bukatar masu rakiya lokacin huɗa da girbi, da lauyoyi masu bin shari'o'in filaye, da kuɗin gyara rijiyoyi da hanyoyin gona, domin dashen da mai shi ba ya iya zuwa ya ba shi ruwa a ranin farko ba ya kai shekara ta biyu.